Injin Kawu da maganar Ingila

"Ni da ko Kaduna ban cika zuwa ba, ina ni ina Ingila?" in ji Kawu Sule jiya a Daudawa, yana goge injin casar masarar da ya ƙera.

Yana tsoron a kwaikwayi injin, amma ya ƙi neman rajista, don marigayi kakanmu ya ce masa sai a Ingila ake yi.

Karatun lauya ya sa na bi tarihin dokar. Na ce, "Kawu, zamanin Turawa haka take. Tuni aka sauya ta, yanzu Abuja ce."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe Baba bai yi mani ƙarya ba."

Ni na zaci Abujar zai yi wa murna.

Ku fa, wace maganar iyayenku kuke riƙe da ita har yau?