Karen da ya haɗiye maganin ƙarin jinina

Ko zan manta da komai na shekarar farin nan, ba zan manta da ranar da karenmu ya haɗiye maganina ba.

A Birni muke lokacin. Maigida ya tafi ci-rani, ya bar ni da ciki, da uwarsa, da awaki biyu da suka rage mana. Karen shi ke tsaronsu, don a shekarar ko buntun hatsi aka bari a waje sai a neme shi a rasa.

Da na je awo wurin likita, aka ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni jajayen ƙwayoyi masu zaƙi a baya, ɗaya kullum. Surukata, da muke kira Inna, ta karɓe su. "Waɗannan su ke sa ɗa ya yi ƙato, haihuwa ta gagara," in ji ta. Duk wanda na karɓo sai ta zuba a tsohon gwangwanin man shanunta, ta tura ƙarƙashin gado. Ban yi yaƙi da jahilci ba tukuna, bakina kawai nake da shi, shi kuwa bai ci ta ba.

Wata rana da hantsi muka tarar da gwangwanin a tsakar gida, an lashe shi tas. Ƙanshin man ne ya ja karen. Kafin azahar ya soma amai da jini.

Na ce a kai shi wurin likitan dabbobi. Inna ta ce, "Mutane na mutuwa da yunwa, ke ki ɗauki kare? Maganin ƙarfi ne ai, ƙiba zai yi."

Maƙwabciyarmu, wata Kirista mai aikin jinya, ta leƙo ta ce, "Inna, wannan da yawa yana cinye hanji. Ko yaro ne ya sha haka, sai dai wani ikon Allah. Ku kai shi yanzu."

Ba a kai shi ba, don da yamma ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Sai daga baya na san haka gubar take, takan yi sauƙin ƙarya. Washegari ya mutu a gindin turke. Ba a yi mako ba aka kwance mana akuya mai nono.

Inna ta dube ni ta ce, "Kin gani? Abin da na hana ki sha ke nan."

Na ce, "Inna, ni ɗaya-ɗaya aka ce. Ke kika tara masa na wata da watanni. Yanzu ba kare, ba akuya mai nono, ni kuma ba jini."

Daga ranar maganina a bakin zanina yake kwana, kuma na haihu lafiya.

Abin da na koya shi ne magani da awo yake magani. A ajiye shi inda yaro da dabba ba sa kaiwa, in kuwa sun kai, a ruga wurin likita, ko da wutsiya tana kaɗawa.