Hannun Auta a Rufin Motata

Yadin rufin motata ya fara sakin jiki tun autarmu tana da rai. Tsohuwar mota ce, ta hannu na saye ta, kuma ranar Abuja ba ta raga wa gam. Inda nake ajiye ta a bakin ofishinmu ko inuwar kara babu. Da farko ɗan kumburi ne a tsakiya, sannu a hankali ya zama tumbi, har ta kai duk wanda ya zauna a baya sai ya ji yadi yana shafar kansa. Ni da yake a gaba nake zama, ko a jikina. Na samo fil irin na kama mayafi na kakkafe shi, na ce ai an gyara.

Wata Asabar za mu biki Gwagwalada, ni da mahaifiyarmu, wadda muke ce wa Inna, da Auta. Auta ba ta taɓa shiryawa a kan lokaci ba tunda aka haife ta. Rannan ƙunshi ta tsaya yi. Na danna ham har maƙwabta suka leƙo, sai ga ta ta fito da goggoro a ka, hannuwa biyu a sama, ɗanyen lalle dumu-dumu a tafinta. Da gwiwar hannu ta turo ƙofa. Ta faɗa kujerar baya ta ce in ja kawai, kafin mu kai zai kama, a can za ta wanke.

Mun ɗan gota Kuchigoro na faɗa wani rami da ban gani ba. Fil suka yi tsalle, yadin ya zubo a kan goggoron da ta ɓata safiya tana ɗaurawa. Ta manta da abin da ke hannunta, ta kai tafin dama ta tokare shi sama. Da ta sauke hannun, ga shi nan ɗoɗar a rufin: tafi da yatsu biyar, ja mai duhu, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsanta.

Na yi faɗa kamar zan ari baki. Ita kuwa dariya take har da hawaye, ba ta da ma hannun sharewa.

“Yaya, ai ado na yi miki,” in ji ta. “Wa ke da irin wannan a duk Abuja?”

Na gwada sabulu, na gwada lemon tsami, lalle ya ce bai san zancen ba. Na haƙura. Daminar da ta biyo baya Auta ta kwanta, ciwon da muka ɗauka zazzaɓi ne, ashe na tafiya ne. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba. Kayan sawarta aka raba sadaka kamar yadda aka saba, hotunanta kuma suna cikin waya, Inna ba ta iya ganinsu sosai saboda yanar da ta fara rufe mata ido.

Bayan rasuwar na dawo da Inna wurina a Gudu. Ni ke kai ta asibiti ganin likitan ido, ni ke kai ta gaishe-gaishe. Ba ta yarda ta zauna a gaba. Sai ta shiga baya, ta gyara zama a gefen da Auta ta zauna, ta ɗaga hannu ta lalubi wurin, ta ɗora tafinta a kan tafin. Leɓunanta su yi motsi kaɗan, sannan ta ce, “Mu je.” Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi mata ba. Nakan yi kamar ina neman makulli a jaka har ta gama.

Ni kuwa hannun nan ya hana ni sakat. In na sauke gilashi iska ta shigo, yadin sai ya riƙa kaɗawa, in na kalli madubi sai in ga hannun yana sama yana ƙasa kamar mai yafito ni. Da tsakar rana tsaka, cikin cunkoson motoci, mutane ko'ina, tsigar jikina ta tashi. Wani lokacin gefen yadin ya sauko ya taɓa mini ƙeya a hankali, yadda Auta take yi in tana so in rage gudu. Na san yadi ne. Sanin bai taɓa hana gabana faɗuwa ba. Tsoro nake ji, kuma ba na son abin da ke ba ni tsoron ya tafi.

Abin da ya tilasta mini gyara, wata rana ce a bakin kasuwar Gudu. Ina ja da baya, yadin ya rufe madubin gaba ɗaya, saura ƙiris in take wata Bafulatana mai tallar nono. Ihun mutane ne ya sa na taka birki. Ta dafe ƙwaryarta ta dube ni.

Na kai wa mai ɗinkin kujerun mota. Ya leƙa, ya ja yadin da yatsa biyu kamar tsumman goge-goge, ya ce a yage shi duka a sa sabo, har ya fara nuna mini kaloli. Ya ce ga shi ma wani yaro ya ɓata shi da hannu. Ban tsaya yi masa bayani ba, na ja motata. In an yage yadin nan, me zan ce wa Inna ranar da ta ɗaga hannu ta ji wayam?

Na shiga kasuwa neman gam na fesawa. Mai shagon mutumin Filato ne, da ɗan gicciye a wuya, Hausarsa irin ta Abuja wadda kowa namiji ne a cikinta.

“Madam, wannan gam original ne,” ya ce, yana girgiza gwangwanin. “Amma ka ji ni da kyau. Ka kankare tsohon soso duka. Ka fesa small small, a rufi da a yadi. Ka bari ya sha iska sai ya yi danƙo. Kuma abeg, kar ka danna da hannu. Ka samu tsumma mai laushi.”

“To, oga, na ji,” na ce. A raina kuwa cewa nake, mace da ta shekara tana shimfiɗa zanin gado ba tattara ko ɗaya, ita za a koya wa lallaɓa yadi?

Na jira ƙarshen makon da Inna ta tafi gidan ƙanena. Da hantsi na jawo motar ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidanmu, na buɗe ƙofofi, na cire sauran fil ɗin. Yadin ya sauko gaba ɗaya daga baya, ya rataye a kan kujeru. A bayansa akwai wani siririn soso wanda zafi ya mai da shi gari, ruwan ɗorawa, mai maiƙo. Na kwanta rigingine a kujerar baya da buroshin wanki ina kankarewa, garin yana zubo mini a fuska, a gashin ido, a baki. Duk inda na juya, hannun Auta yana reto a gefen kunnena. Ta bayan yadin ma ana ganinsa, lallen ya ratsa. Na sami kaina ina yi masa magana. Na ce, “Matsa mana, kin tare mini haske.” Da na ji muryata ita kaɗai a cikin motar, sai na ci gaba da kankarewa.

Daga nan ne na yi aikin da kaina. Na ɗauki gwangwanin na yi masa irin feshin da muke yi wa maganin sauro, wanda in ba ka ga ɗaki ya yi hazo ba sai ka ga kamar ba ka yi komai ba. Na fesa rufin har yana sheƙi, na koma na ƙara, don kada wani lungu ya ce an manta da shi. Warin ya hau mini kai. Batun jira kuwa, na ɗan jira. Amma iska ta taso, yadin ya fara kaɗawa, na ga gefen da hannun yake yana neman naɗewa ya manne da kansa. Ban san lokacin da na yar da tsumman ba. Na tallabe yadin na kai shi sama, na bi shi da tafin hannu ina shafewa daga tsakiya zuwa gefe, yadda na saba yi wa gado.

Ya kama kuwa. Ya kwanta sumul, ko tattara babu. Na fito na miƙe ƙuguna, na sha ruwa, har ina yaba wa kaina.

Da na koma na leƙa, sai na ga yadin ya fara canza launi. Soson da na kankare, ashe shi ne ke tare gam kada ya ratso. Yanzu babu shi, ga gam jiƙe sharkaf, duk inda na danna sai ya tsotso. Layi-layi na yatsu suka fito a rufin, suna ƙara duhu ina kallo. Wurin hannun Auta na fi ko'ina shafawa, don shi na fi so ya zauna daidai. Gam ya haɗu da lallen ya narkar da shi. Yatsun suka shige cikin juna, tafin ya baje, ya koma wani dabbare mai ruwan ƙasa wanda ba ya kama da komai.

Na sa farce zan ɓanɓaro, yadin ya fara yagewa, na bari. Na zauna a kujerar baya, ƙofofi a buɗe, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da ita. Sau biyu ke nan tana tafiya ina tsaye a wurin.

Sai da na share ido na lura da wani hannun. Kusa da dabbaren, ɗan tazara kaɗan zuwa tsakiya, akwai inda na tokare yadin da hannun dama na daɗe, lokacin da nake gyara gefe da hagu. Nan gam ya zana hannuna cikakke, tafi da yatsu biyar. Da ya bushe sai ya yi ja mai duhu. Ban taɓa lura cewa hannuna da na Auta iri ɗaya ne ba sai rannan.

Na kwana ina shirya abin da zan ce wa Inna. Na yanke shawarar in faɗa mata gaskiya kafin ta shiga. Amma da na je ɗauko ta, ƙanena ya tsare ni da gaisuwa a bakin ƙofa, kafin in juyo har matarsa ta buɗe mata baya ta zauna. Na shiga na kama sitiyari. Madubin fes, ina ganin komai.

Ta ɗaga kai ta ƙanƙance ido. Hannunta ya tashi, ya wuce ta kan dabbaren bai tsaya ba, ya je ya sauka a kan nawa. Ta daidaita yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

“Ke,” ta ce, “gyara kika yi?”

“Eh, Inna.”

“Kin kyauta. Har ya fi fitowa.”

Ni ce 'yar farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma tunda na yi wayo ban san ranar da ta riƙe hannuna ba, kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba. Ina kallo a madubi ta shafa tafin nan da babban yatsanta, a hankali, ta sake shafawa. Rannan ba a ɓoye ta yi addu'ar ba, a fili ta yi.

“Allah ya ji ƙanki, 'yata. Allah ya kai haske kabarinki.”

Ta tsaya tana jira in amsa, hannunta yana nan a sama.

Na ce, “Amin.”