Shekarar da Maigidana Ya Ƙi Shuka Kuɓewa

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. A lokacin da abin ya faru muna ci-rani a ƙasar waje, ina renon 'ya'yan mutane a unguwar Soundview, maigidana kuma yana gadin wani dogon bene. Mu Kiristoci ne daga kudancin Katsina, 'yan ikilisiyar da ke sujada ranar Asabar. Kullum da safe shi ke karanta mini Littafi Mai Tsarki, don haka duk abin da na sani na Allah da muryarsa na san shi. Bara ya rasu. Har yau nakan manta in zuba shayi kofi biyu.

Yana da 'yar gona a lambun unguwa, ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Kuɓewa yake shukawa, irin da mahaifiyarsa ta ƙulle masa a tsumma ranar da ya baro gida, duk shekara kuma sai ya ware na baɗi. To, wata shekara ya fara sauraron wani mai wa'azi a rediyo da ya ce ya lissafa ranar tashin duniya, wai kafin zafi ya kankama komai zai ƙare. Maigida ya bi lissafin da fensir ya ce daidai ne. Ni da ban iya karatu ba, da me zan musa? Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na yi shiru, wannan shirun ne ke damuna. Har tashar jirgin ƙasa ta Parkchester nake raka shi yana yi wa mutane gargaɗi. Da lokacin shuka ya zo ya ce wa zai ci, ya kwashe irin duka ya kai wa maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi. Ta ce masa, in dai duniya tashi za ta yi, ita ma me za ta yi da kuɓewa, amma ya kawo.

Ranar ta faɗo Asabar. Muka yi wanka, ya sa farar rigarsa, har takalmi ya goge. Ni kuwa na shiga na tuƙa tuwo. Ya yi mini dariya, ya ce uwargida guzuri ake yi ne, na ce ko sama za a tafi ba na barin mijina ya tafi da yunwa. Muka zauna bakin taga, hannunsa cikin nawa. Rana ta yi ƙasa, yara na ta ƙwallo a titi, jirgi na wucewa yadda ya saba. Da duhu ya fara sai ya tambaye ni, a hankali, ko tuwon bai huce ba. Loma ɗaya ya yi ya ajiye.

Daga nan na fara rasa mijina yana raye. In ya dawo aiki sai ya shige ɗaki, ya daina zuwa sujada, ya daina yi mini karatun safe. Ya ce bakin da ya ruɗi mutane bai cancanci ya taɓa maganar Allah ba. Wani dattijon ikilisiya ya zo duba shi, bai yi masa faɗa ba. Ya tuna masa cewa ikilisiyarmu kanta daga irin wannan kunya ta fito: tun kafin a haifi kakanninmu, a can arewacin wannan jihar da muke ci-rani a cikinta, wani manomi ya lissafa ranar dawowar Almasihu, mutane suka bar amfanin gona ba girbi, ranar ta wuce suna kuka. Waɗanda suka share hawaye suka koma ga Littafin, su ne iyayenmu a bangaskiya. Maigida ya saurara, ya yi godiya, ya koma ya kwanta.

Hajiya ce ta fito da shi. Wata safiya ta buga ƙofa tana kiran Malam mai tashin duniya, ta ce ta shuka irinsa a gonarsa tun ranar da ya ba ta, yanzu ciyawa za ta cinye kuɓewar tsohuwarsa, ita kuma gwiwa ba ta barinta ta durƙusa. Ta ce ranar alƙiyama Allah kaɗai ya san ta, amma ranar noma kowa ya sani, yau ce. Sai ya tambaye ni inda na ajiye fartanya. Washegari ya buɗe Littafin, ya ce in matso kusa.

'Yan'uwa, duk wanda ya zo muku da ranar ƙarshe a rubuce, ku ba shi ruwa ya sha ku sallame shi. Ke kuma mace, in zuciyarki ta ƙi abu ki faɗa wa mijinki, ko ba ki san harafi ɗaya ba. In naku ya faɗa ramin nan kada ku yi masa dariyar da za ta binne shi, ku kula masa da gonarsa har ya dawo. Da ranar mutuwarsa ta zo, ba wanda ya lissafa ta, ya bar mini iri a kwalba a bakin taga. Bana ni da Hajiya muka shuka, mu biyu masu ciwon gwiwa, kuma ta tsiro.