Iccen da Inna Ba Ta Ƙona Ba

Shekara arba'in ke nan da daminar da muka rasa yayana Garba. Ni ce autar gidanmu, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi da kyau.

Yaya Garba ma'aikacin lantarki ne a wani ƙaramin kamfani da ya haƙa ramin ma'adinai a dajin Bukkuyum. Can ƙasa akwai fitilu da famfon janye ruwa. A bakin ramin akwai akwatin ƙarfe mai bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya katse wuta idan ta fara zuba inda bai kamata ba. Kowace safiya, kafin kowa ya sauka, sai ya gwada ta da mitarsa. In ta yi nawar faɗuwa, ya saita ta, ya sake gwadawa.

Da damina ramin yakan jiƙe, bireka ta riƙa faɗuwa, aiki ya tsaya. Sai leburori su feƙe guntun icce su tokare hannunta. Ba mugunta ba ce, gajiya ce da hawa da sauka. Shi kuma ya zare iccen, ya sa a aljihu. Ran Juma'a ya kawo wa Inna su nan Gummi, ta hura wuta.

"Wanga icce naka ya fi kowanne kamawa," in ji Inna.

Ya yi dariya. "Inna, kowane guda da kinka ƙona, ɗan wani ne ya koma gida."

Ranar da abin ya faru, ya yi gwajinsa kamar kullum. Da hantsi famfo ya fara gardama, Yaya ya sauka ya duba. Yana can ƙasa, ƙafafunsa cikin ruwa, wani a sama ya tokare birekar, bai san waya ta ɓare ba. Nan wuta ta kama Yaya, ta yi ajalinsa. Ba mu taɓa neman sanin ko wane ne ba. Inna ta hana.

Abokin aikinsa ne ya zare iccen, ya kawo mana tare da kayansa. Inna ta juya shi a hannu, ta ɗaure a gefen zanenta. Wannan ba ta ƙona ba.

Yau kamfanin babu shi, amma ramuka sun cika dajin Anka da Bukkuyum. Samari suna sauka da janareta da wayar da aka naɗe da leda, ba bireka ko ɗaya. Nakan ce da Yaya zai gani, me zai zare? Babu ma abin da za a tokare.

Jikansa Nura yana cikin masu saukar. Na yi magana har na gaji. Da ya zo gaishe ni da Sallah, na ba shi iccen da Inna ta ajiye, na faɗa masa inda aka zaro shi. Ya daɗe yana dubansa.

Bai bar ramin ba. Amma ya sayi bireka a kasuwar Gummi, kuma an ce kowace safiya sai ya ga ta faɗi kafin ya bar kowa ya sauka.

Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya haskaka masa kabarinsa.