Tsirkiyar Yaya Sabo a Tukunyar Miyata

Duk wanda ya san Yaya Sabo ya san yana dafa tsirkiya. Dafawa fa, da ruwa da wuta! Idan tsirkiyar jitarsa ta tsufa, muryarta ta dushe, ba ya sayen sabuwa. Sai ya kwance ta, ya taso tun daga unguwar Satwa har Al Ras, nan Dubai, inda nake tuwon sayarwa, ya jefa ta a tukunyata.

"Yaya, tukunyar miya ce fa!"

"Gumin hannuna ne kawai ke fita, Lami. Gumin ɗan'uwanki ba guba ba ne."

Wata rana ina sauri na zuba kuka a kan ruwan ban sani ba. Alhazan kago, masu tura kaya gida a jirgi, suka ci, suka suɗe hannu, har da neman ƙari. Wallahi rannan ce kaɗai mutanenmu suka taɓa yaba wani abu da ya fito daga jitar Yaya.

Jitar bas yake kaɗawa, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke gurnani a ƙarƙashin kiɗa. A Sabon Garin Kano ya koya, ya shigo Dubai da ita a bayansa, ya tsufa a cikin wata ƙungiyar 'yan Filifin masu kiɗan rok a otal. Hajiya yake kiran jitar. A ɗakin hayarsu ita ke kwana a gado, shi a ƙasa. Na ce masa, "Ka auri itace." Ya ce, "Ita dai ba ta taɓa jin kunyata ba."

Ya san inda ya jefa maganar. Burinsa ɗaya a duniya, Bahaushe ya zauna ya ji shi yana kiɗa. Kowa ya gayyata, kowa ya ce inshallah. Amma idan baƙo ya sauka a filin jirgi, "Kira Sabo, ai da rana ba ya komai." Idan wani ya kwanta asibiti, "Kira Sabo." A masallaci kuwa sai a riƙa matsawa, kamar kiɗan zai shafi rigar mutum.

Da Alhaji Mudi, babban ɗan kagon nan, zai yi walimar suna a unguwar Karama, Yaya ya ce zai yi kiɗa kyauta.

Alhaji ya ce, "Habibi, ka zo da hannunka kawai, akwai kujerun ɗauka."

Ya je. Ya kwashe kujerun nan kaf da Hajiya goye a bayansa, ya ƙi sauke ta. Wani baƙo ya tambayi abin da ke cikin jakar, Alhaji ya yi caraf ya ce, "Kayan kago ne." Yaya ya ce, "Ƙwarai, Alhaji. Ni ma kayan ne, mai karɓa ne bai zo ba tukuna."

Ni dai na je otal ɗin da suke kiɗa wani dare. Na zumbula hijabina na zauna a gaba, kunnena kamar zai fashe. Da suka tsaya hutu ya sauko yana haki.

"Yaya kika ji?"

"Ni ban ji ka ba. Ihun yarinyar nan mai waƙa na ji, da mai ganga."

"Mai bas ba a jin sa sai ya yi shiru. Zauna ki gani."

Suka koma. Waƙa ta yi tsakiya, Turawa na tsalle, kawai Yaya ya ɗauke hannunsa ya rungume ƙirji! Kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri. Masu rawa suka tsaya cak, mai waƙa ta waigo tana zare ido. Shi kuwa ya kallo ni ya ɗaga murya da Hausa: "Yanzu kin ji ni?" Manajan otal ya dakatar da shi aiki har wani lokaci. Ya ce ko korarsa aka yi ya ci riba, Bahaushiya ɗaya ta ji shi.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, da rana tsaka, yana jiran wani baƙon Alhaji Mudi a filin jirgi. A zaman makoki 'yan Filifin ɗin suka rakuɓe a bakin ƙofa suna kuka. Ina daga ciki na jiyo Alhaji yana ce wa masu ta'aziyya, "Allah ya jiƙan Sabo, yaronmu na kago."

Yaro! Mutum da furfurarsa! Na shiga ɗaki na ɗauko Hajiya, na ratsa maza na ajiye ta a kujerar da ke kusa da shi.

"Alhaji, makaɗi ne. Faɗi."

"Haba Lami, khalas, ya isa, ba yau ba."

"Yau ɗin. Ba ku je kun ji shi ba, to ku ji sunansa. Faɗi!"

Ya sunkuyar da kai. Can ƙasan maƙoshi ya ce, "Makaɗi ne." Na ce 'yan Filifin su shigo ciki su zauna.

Yanzu baƙi na sauka ba mai tarbar su, kullum sai na ji ana cewa ina ma Sabo. Kun ji shi ke nan, da ya yi shiru.

Tsirkiyar da ya dafa ta ƙarshe tana nan rataye a tagata, ta bushe, ban iya saukewa ba. Ya Allah, Kai da ba a ɓoye maka sauti, Ka ji Yaya Sabo. Ka yafe masa, Ka shimfiɗa masa gado mai laushi, ya daɗe yana kwana a ƙasa. Amin.