Dardumar Jirgin Famau

Famau Lali ya shekara talatin da ɗaya yana nahodha, wato matuƙin jahazi, jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsakanin tsibiran Lamu da Pate. Bai taɓa kifar da jirgi ba, bai taɓa zubar wa kowa kaya a teku ba. Amma in ka tambayi mutanen gaɓa ko wane ne shi, ba wannan za su faɗa maka ba. Cewa za su yi, ai taubashin Shebwana ne.

Shebwana ɗan gwaggonsa ne. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, wurin mutum ɗaya suka koyi ɗaurin igiya da karatun iska, kuma tun daga nan Famau yake auna rabonsa da mudun Shebwana. Ba ƙin sa yake yi ba. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Shebwana, Famau ne ya yi jinyarsa kwana shida cur, yana kuma lura da cewa masu zuwa dubiya sun fi waɗanda suka zo lokacin nasa ciwon.

Jiragensu kamar tagwaye suke, kafinta ɗaya ya ƙera su. Kowanne yana da ɗan ɗaki a baya, inda mata da tsofaffi ke fakewa daga rana da feshin ruwa. Tun zamanin iyayensu tabarmar kaba ake jefawa a ƙasan ɗakin, kowa ya taka ta da abin da ya zo da shi, a ɗora kwandon kifi, a ɗaure akuya. In ta ruɓe a ba teku, a sayi wata.

Sai Shebwana ya je Mombasa ya dawo da jan kafet mai laushi.

Famau ya ce wata ɗaya ruwan gishiri zai cinye shi, ya kuma faɗi haka a duk inda aka dafa gahawa. Amma ba kafet ɗin ne ya hana shi sakat ba. Takalma ne. Kullum da safe jiragen biyu na ɗaure kafaɗa da kafaɗa, sai ya ga fasinjoji suna tsayawa a ƙofar ɗakin Shebwana suna cire takalmi, ba wanda ya ce su cire. Har magatakardan kotu ya sunkuya ya kwance igiyar nasa. Shi kuwa ɗakinsa, da kashin jaki a tafin takalmi ake shigar masa.

"Baban Swale, ci abincinka," in ji matarsa Bi Sauda. "Mahamri ne a gabanka, ba Shebwana ba."

"Shekara talatin, ko silifas ba a taɓa cire mini ba."

"Kai da kanka ba ka da takalmi."

"Wannan maganar daban ce."

Ya shiga kasuwa da ɗan abin da ya tara don sabuwar igiya. Mai kanti ya warware masa leda mai zanen fure, mai araha, amma in ta jiƙe tana kayar da mutum. Ya nuna masa baƙar roba irin ta ƙasan mota, wadda ba ta ruɓewa, ba ta kuma daina wari. Ya nuna masa saƙar igiyar kwakwa, mai ƙarko, mai cizon gindi. Jan kafet irin na Shebwana kuwa, kuɗinsa ya kai na jaki da mangalarsa. Duk wanda aka shimfiɗa, tambayar Famau ɗaya ce.

"Wannan za a cire masa takalmi?"

"Nahodha, ni shimfiɗa nake sayarwa," in ji mai kanti. "Ladabi sai ka nema a wani wuri."

A makon ne wani ɗan unguwarmu da ke aiki a Maskat ya aiko wa masallacinmu sabbin dardumai. Aka naɗe tsofaffin aka jingine a baranda, koraye, masu jerin zanen mihirabi, kowane zane da ɗan farin tabo inda goshi ya cinye gashin. Ladan ya ce wanda yake so ya ɗauka, ya ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da ya sawwaƙa ga Famau bai fi kuɗin kifin miya ba.

Tsoho Kupi, wanda ke jan igiya a jirgin tun Famau bai da gemu, ya tsaya yana kallo ana buga ƙusa.

"Nahodha, wannan da goshi ta saba. Ƙarƙashin kifi za ka kai ta?"

"Riƙe mini gefen nan, Kupi. Ba fatawa na nema ba."

Washegari buri ya cika. Duk wanda ya iso ƙofar ɗakin sai ya yi turus, ya cire takalmi, wasu har da sallama. Famau ya sa Kupi ya jera takalman ta ɓangaren da ke kallon jirgin Shebwana.

Sai Bi Mwanatumu ta iso. Ita ce babbar dillaliyar kifi a hanyar, shekara ashirin tana bin Famau, kuma inda ta sa ƙafa nan sauran mata 'yan kasuwa ke sawa. Ta leƙa ɗakin da kwando a ka, ta ja da baya.

"Famau, ɗan nan, ina zan ajiye kifina?"

"Inda kika saba, Bi Mwanatumu."

"Inda ubana ya yi shekara hamsin yana sujada? Ga ma wurinsa can, na uku daga dama, ni na san tabon."

Kifi ya zauna a waje cikin rana. Akuya ma haka. Wata mai goyo ta ƙi shiga don kada yaro ya yi fitsari. Matan da suka shiga suka zauna a takure, ba mai miƙe ƙafa, ba mai tauna goro, kuma gulmar da kan rage nisan Pate da rabi ta koma raɗa, daga baya ta mutu. Masu karta suka mayar da kartarsu aljihu. Famau ya riƙe akalar jirgi yana jin tashin shewa daga jirgin Shebwana, ya ce wa Kupi ai hayaniya ba daraja ba ce.

A tafiya ta huɗu wani dattijo, Mze Bwanaheri, ya ga ba dalilin da zai sa mutum ya zauna a kan irin wannan darduma bai yi nafila ba. Jirgin iska kuwa ba ya tafiya miƙe, sai ya karkata nan, ya karkata can. Dattijo ya leƙo ya ce a daidaita masa goshin jirgi da alƙibla, tunda zanen can yake kallo. Kupi ya ce ruwa ya fara janyewa, kuma kowa ya san mashigar Mkanda ba a ratsa ta sai ruwa na cike. Famau ya duba ya ga Shebwana na kallo daga nesa. Ba a taɓa roƙon Shebwana alƙibla ba. Ya sa aka sassauta igiya, ya juya jirgi arewa, inda alƙiblar mutanen Lamu take.

Mze Bwanaheri mutum ne mai natsuwa a ibada. Da ya sallame, wasu tsofaffi biyu suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Kafin a gama addu'a jirgin ya zauna daram a kan laka. Awa shida suka yi a nan, sauro na cin rabonsa, kifin Bi Mwanatumu na canza launi. Ba ta yi faɗa ba. Da suka sauka sai ta ce ita da matanta sun koma jirgin Shebwana, ranar da ya ɗage dardumar nan ya aiko mata.

Jan kafet ɗin a lokacin ya riga ya zama ruwan ƙasa. Ruwan kifi ya shige shi, akuya ta ci gefe ɗaya, an daina cire masa takalmi tuni. Shebwana bai damu ba. "Kafet ne, ba uwata ba," in ji shi, yana loda kwanduna har jirgin na nitsewa zuwa wuya.

Wata biyu Famau yana kai tsofaffi ziyara, waɗanda rabin kuɗin jirginsu addu'a ce. Bi Sauda ta fara dafa shinkafa ba kwakwa. Ranar wata Juma'a ta ɗauko abin zare ƙusa ta ajiye masa kusa da kofin gahawa. Ya ɗauka ya gangara gaɓa.

Ya zare ƙusa uku ke nan sai inuwa ta rufe ƙofa. Shebwana ne. Ya cire takalmansa, ya jera su, ya yi sallama, ya shigo ya zauna yana shafa dardumar da tafin hannu.

"Liman, gyara ake yi?" ya ce wa Famau.

"Ƙusa ce ta yi tsatsa."

"Taubashi, in faɗa maka gaskiya? Nawa jirgin ya zama kasuwa. Wari, surutu, ba mai ganin girmana. Kullum in na hango takalma a ƙofarka sai in ji wani abu ya tokare ni a nan." Ya dafa ƙirji. "In za ka cire ta, don Allah ni za ka ba."

Famau ya dube shi. Sannan ya lalubo ƙusoshin nan uku ya mayar da su ramukansu, ya buga, ya ƙara wasu huɗu.

Ban ce Shebwana ya san abin da yake yi ba. Mutum ne mai yawan ibada, kuma matan kifi goma sha ɗaya ba su ne za su sa ya yi ƙarya ranar Juma'a ba. Abin da na sani shi ne bana ya ƙera jirgi na biyu. Famau kuwa yashi yake ɗauka yanzu a gaban jirgi, tsofaffi a ɗaki. Ya rame, amma ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar yanzu ba. Da na tambaye shi labarin sabon jirgin taubashinsa, sai ya ce ya leƙa ɗakin, leda ce a ƙasa.