Zogalan da Inna take aiko mini

A ƙarshen wata shekara na je likita a Tasawa saboda ciwon kai da ya ƙi barina. Lokotoro ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya ce tansiyona ya hau, wato hawan jini ne. Ya hana ni gishiri da maiƙo da yawan nama, ya ce in riƙa cin ganye. Da sabuwar shekara ta kama, ana ta yi wa juna barka a biro, wurin aikinmu, na miƙe gaban abokan aiki na ce daga yau ni da balangu mun rabu. Har tafi aka yi mini.

Cikin satin nan na hau moto na tafi ƙauyenmu, can bayan Korgom, in gaida mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni. In tana da magana, ƙanwata take faɗa wa, ko da ina zaune a wurin. Tun ina yaro, a cikin akushi nake gane abin da ke ranta.

Ranar ta yanka zabuwa. Ta yi tuwon hatsi da miyar kuɓewa, man shanu na yawo a kai. Na ɗan gutsuri tuwo daga gefe inda mai bai kai ba, na rufe akushin.

Inna ta dubi ƙanwata. "Tambaye shi, miyar ce ba ta yi ba?"

Na shiga bayani. Na yi maganar jijiyoyi da kitse da zuciya, kamar ni ne lokotoron. Ta saurara tana tsince tsakuwa daga wake, kanta a ƙasa.

"To mi aka ce ya ci?" ta tambayi ƙanwata.

"Ganye, Inna," na ce. "Kamar su zogala."

Inna ta miƙe. Ta ɗauke akushin ta kai ɗaki.

Bayan kwanaki sai ga wani mai kabu-kabu, mai haya da babur, ɗan ƙauyenmu a ƙofar gidana, da ƙullin zane ɗaure a bayan moto. Busasshen zogala ne, an tsince shi tsaf, babu ko kara ɗaya. Daga nan kowace ranar kasuwa sai ƙulli ya iso. Da farko matata tana dafa mini da tumatir da albasa, ina ci ina jin kaina wani sabon mutum.

Ban kai ƙarshen wata na biyu ba. Wata rana da azahar na bi ta tasha, hayaƙin mai nama ya bugi hancina, na tsaya da niyyar ɗanɗana yanka ɗaya. Washegari na koma. Shayi mai sukari ya dawo, soyayyar doya ta biyo baya. A biro babu wanda ya yi mini gori, don kowa ya riga ya watsar da nasa alkawarin.

Zogala kuwa bai daina zuwa ba. Ya cika kwando, ya cika tsohon bokiti. Matata ta raba wa maƙwabta har suka fara cewa na wancan satin ma yana nan. Daga baya ta soma zuba wa akuyarmu. Na gani, ban hana ba.

A waya ƙanwata ta faɗa mini inda ganyen yake fitowa. Ban taɓa tambaya ba, alhali na san babu itacen zogala a gidanmu, kuma rani ne. Ashe Inna takan tafi da ƙafa har lambunan fadama, ta taya masu lambu tsinka, su ba ta nata kason. Da gwiwar nan tata mai kumburi.

"Yaya, ita ma ta bar sa gishiri a tata miyar," in ji ƙanwata. "Wai tana koyon yadda za ta yi daɗi haka nan, don in ka zo ka samu abin ci."

Ina riƙe da wayar, ɗayan hannuna duk maiƙon tsire. Na ce ta gaishe ta. Na yi niyyar in ce a daina aikowa, amma sai an tambaye ni dalili, ni kuma ban shirya faɗa ba.

Gab da damina gwiwar ta matsa wa Inna, ƙanwata ta kawo ta likita a Tasawa, suka sauka wurinmu. Da la'asar Inna tana zaune kan tabarma a tsakar gida, matata tana hura wuta, ni ina alwala. Akuyar ta jawo tasarta har kusa da tabarmar. Inna ta miƙa hannu ta ɗebi abin da ke ciki, ta murza tsakanin yatsunta, ta shinshina. Ta daɗe tana kallonsa.

"Akuyarku ta yi kyau," ta ce wa matata.

Matata ta ce, "Alhamdu lillahi, Inna," ta ƙara sunkuyar da kai cikin hayaƙi. Ni kuwa na wanke ƙafa ɗaya har sau nawa ban sani ba.

Kwana kaɗan suka yi suka koma. Ranar kasuwa ta zagayo, mai kabu-kabu ya wuce ta ƙofar gidana, ya ɗaga mini hannu, bai tsaya ba. Sati na gaba ma haka.

Na kira ƙanwata na tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, lokotoro ne ya hana Inna doguwar tafiya saboda gwiwar. Na ce ai haka ya fi. Na so in tambaya ko Inna ta yi wata magana bayan sun koma gida, sai na ji muryarta daga nesa tana cewa a tambaye shi ko ciwon kan ya sake shi.

Na ce a faɗa mata da sauƙi.